Babbar Na'urar Da Ke Bayan Batura

A allon da aka kafa sama da shagon mai gyaran waya a Velachery, wata unguwa a birnin Chennai, an rubuta cewa makarantar Meiyappan tana koyar da aiki a kan babbar na'ura ta gaske, irin wadda bankuna ke ajiye asusun jama'a a cikinta, kuma na'urar tana Amurka. Na'urar tana ɗakin ajiya ne, a bayan batura, kusa da bokitin goge ƙasa.

Kathiresan ne ya haɗa ta. Baƙin akwati ne da bai fi tukunyar shinkafa girma ba, kwamfuta irin ta kowa, sai dai a cikinsa akwai manhajar da ke kwaikwayon babbar na'ura. Kusa da shi akwai ƙaramin allo da madannai, wurin ba da umarni. A nan Kathiresan ya zauna makon da ya fara aiki, ya riƙa gaya wa akwatin abin da zai zama, layi bayan layi: ga yawan ƙwaƙwalwarka, ga yawan injinan lissafinka, wannan fayil ɗin ka ɗauke shi faifai, wancan ka ɗauke shi kaset. Ya raɗa masa suna mai kama da na kamfani. Da umarnin tzoffset ya ja agogonsa baya, yadda idan rana ta take a Chennai ɗalibai za su ga dare ne a kusurwar allonsu. Akwatin bai yi musu ba. Duk abin da aka ce masa shi ne, sai ya zama.

Ɗalibai suna zama a babban ɗaki, gaban kwamfutoci, suna kallon korayen haruffa a kan baƙin allo. Suna buga madannai a hankali, irin na wanda ya shiga falon mutane da takalmi.

Kafin nan Kathiresan ya yi kusan shekara talatin yana kula da ta gasken, a wani kamfanin inshora da ke Mount Road, cikin ɗaki mai sanyi wanda ake cire takalmi a ƙofarsa. Da aka sallami na'urar sai aka sallame shi tare da ita. Ya yi ta kai takardunsa wurare, ana duban furfurarsa ana ba shi kofi. Meiyappan ne kaɗai ya ce ya zo ranar Litinin, bisa sharaɗi ɗaya: makullin ɗakin ajiya yana aljihunsa, abin da ke ciki kuma yana bakinsa.

Watanni suka wuce ba matsala, har Ayudha Puja ta matso, ranar da ake wanke kayan aiki, a shafa musu sandal, a bar su su huta har wayewar gari. Ita ce ta farko tun zuwansa.

Ana gobe puja suka sauko shan shayi shi da Meiyappan. Meiyappan ya girme wa ɗan Kathiresan kaɗan ne kawai, amma shi ke biyan albashi, don haka kowannensu yana kiran ɗan'uwansa Saar, wato yallaɓai.

"Gobe zan kashe akwatin," in ji Kathiresan.

"Wane akwati?"

"Na sama."

Meiyappan ya dubi mai shayi, ya dubi yaran da ke tsaye bakin titi. "Kathir Saar, na'urarmu tana Amurka. Amurka ba ta puja."

"Ba a Amurka take ba."

"A nan ƙasa, inda kunnuwa suke, a Amurka take." Ya juya shayinsa daga kofi zuwa kwano, ya mayar. "Kwamfutocin ɗaki, a wanke su, a shafa musu abin da za a shafa, a kashe su, ni na sayi furen ma. Amma waccan ba ta kwana, ba ta hutu, haka na faɗa wa iyayen yara. Ranar da aka kashe ta daidai lokacin da muke fasa kwakwa, ko ɗan akuya zai haɗa lissafin. Iyaye za su cika matattakalar nan. Kai kuma ka koma gida ka taya matarka Sornam Amma tsince duwatsu a shinkafa."

"Ban taɓa barin abin da nake cin abinci da shi yana aiki ranar puja ba."

"To ai ba na'ura ba ce. Kai da bakinka ka ce min kwaikwayo ce. Hoton na'ura ne. Ana yi wa hoto hutu?"

"Daga hoton nake cin abinci."

Meiyappan ya yi dariya, ya biya kuɗin shayin su biyu. "Ka yi mata addu'a a zuci. Zuci ba ya kashe wuta."

A jirgin ƙasa na komawa gida Tambaram Kathiresan bai samu wurin zama ba. Ya riƙe ƙarfe yana tunanin tsohon ɗakin nan mai sanyi. Sau ɗaya a shekara ake kashe na'urar can. Manaja yakan zo da kwakwa, shi kuma ya aika wa duk masu aiki saƙo cewa su adana abin da suke yi, ya jira na ƙarshe ya fita, sannan ya bi sassan na'urar yana kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Idan fankoki suka tsaya, ɗakin yakan yi shiru har mutane su ji kunyar yin tari. Ba ya tunanin cewa wani bala'i zai faɗo idan ba a yi ba. Kawai bai san yadda ake wayar gari a taɓa abin da ba a bari ya huta ba.

Kafin ya sauka ya gama shawara. Zai kashe shi a ɓoye. Idan an tambaya, wayar da ke ƙarƙashin teku ce ta samu matsala. Ta taɓa samun matsala sau biyu, duk lokacin da ɓera ya ci wayar da ke bayan batura.

Da safe titin ya cika da ganyen ayaba. Mai gyaran waya ya jera sukundireba da ƙarfen narka dalma a kan jan ƙyalle, kowanne da ɗigon sandal. A sama ɗalibai sun riga shi zuwa. Sun ɗaura ganyen mangwaro a ƙofa, sun goge kwamfutoci, suna ta gardama kan ko linzamin kwamfuta ma yana buƙatar nasa ɗigon daban.

Poongodi ce ke ba da umarni. 'Yar garin Theni ce, ita ta fi kowa ƙoƙari a ajin, kuma ita kaɗai ta san abin da ke zuwa kafin wani a irin wannan hidima. Tana riƙe da kwanon kwaɓin sandal, tana bin alluna tana ɗiga musu, wata yarinya na biye da ita da jar hoda.

Meiyappan bai iso ba. Ya fara zuwa garejin manyan motoci na yayansa, inda ake yin tasu pujar da wuri.

Kwamfuta ɗaya ce a kunne, a can kusurwa. Jebastin ne a gabanta, wani dogon yaro Kirista daga Nagercoil, wanda za a yi wa tambayoyin ɗaukar aiki washegari. Ya kwana biyu yana faɗa da wani shiri da ya rubuta, na'ura tana mayar masa da shi.

"Anna, yayana, ka tashi mana," in ji Poongodi. "Ko allon ya samu ya numfasa."

"Ni ranar Lahadi nake hutu, yau kuma ba Lahadi ba ce."

"Ran Lahadin ma a nan muke ganinka."

"To kin gani, Allah ya san halin da nake ciki. Ki ɗiga masa a gefe, kar ki rufe min layi."

Ta ɗiga masa a tsakiyar goshin allon. Ya kauda kai gefe ya ci gaba da karatu.

Kathiresan ya amsa gaisuwa, ya zagaya kamar mai duba aiki, ya buɗe ɗakin ajiya ya shiga, ya turo ƙofa. Ɗakin yana warin batir da jiƙaƙƙen tsumma. Ya zauna a kan kujerar roba, ya tambayi na'ura wa ke ciki. Mutum ɗaya ne, Jebastin, fayil a buɗe, bai adana ba.

Wayar teku ba ta yin sallama kafin ta yanke. Idan yana son ƙaryarsa ta zauna, sai ya kashe yanzu, aikin yaron na safiya ya tafi. Ya ɗora yatsunsa a kan madannai, suka ƙi. A shekarunsa duka bai taɓa janye na'ura daga ƙarƙashin mai aiki ba tare da gargaɗi ba. Wanda ya koya masa aikin yakan bugi bayan hannun mutum da rula a kan haka.

Sai ya rubuta saƙo da Turanci irin na kamfani, busasshe: za a tsayar da na'ura nan da ɗan lokaci don gyara, a adana aiki a fita. Ya aika. Sai da saƙon ya tafi ya ga layin ƙarshe da hannunsa ya ƙara, wanda yake ƙarawa kowace shekara a Mount Road. Barka da Ayudha Puja.

Ya zauna yana kallonsa. Saƙo idan ya fita ba umarnin da ke dawo da shi.

Ya tashi ya fito, don ko ba komai yana buƙatar sandal. Ya tarar an taru a bayan Jebastin.

"Saar, zo ka gani," in ji Jebastin. "Turawa suna mana barka da puja."

"Wane Bature?" in ji wani yaro mai tabarau. "Wani ɗan Madurai ne aka bar wa aikin dare. Duk inda ka ga na'ura a duniya, ka leƙa bayanta, za ka tarar da mutumin garinmu yana cin shinkafa da tsamiya."

"Yana can yana kuka, ya tuna gida."

"Ka rubuta masa ya turo mana biza."

Aka yi dariya. Kathiresan ma ya motsa baki.

"Ka adana aikinka," ya ce wa Jebastin. "Idan sun ce za su tsayar, za su tsayar."

"Sai yau suka ga damar gyara. Su ma Poongodi ce ta aike su."

Kathiresan ya yagi ɗan ganyen ayaba, ya miƙa wa Poongodi ta zuba masa sandal. Ya ɗebi jar hoda da ɗan yatsa, ya ɗauki fure ɗaya daga tire.

"Na mene ne, Saar?"

"Batura."

"Na manta da su," ta ce, ranta bai so ba. Ba ta son a same ta da mantuwa.

Ya koma ciki. Jebastin ya fita daga na'ura, ba kowa yanzu. Kathiresan ya fara kwantar da ita yadda aka koya masa: ya rufe hanyar da ɗalibai ke shiga cikinta, ya tsayar da layin ayyuka, ya jira kowane sashe ya amsa cewa ya tsaya kafin ya taɓa na gaba. Ba wanda zai hukunta shi idan ya danna maɓallin wuta kawai, amma faifan ƙarya ma yana lalacewa idan aka yanke masa magana a tsakiya. Daga babban ɗaki ya ji an fara kaɗa ƙararrawa. Ya goge ƙurar akwatin da hankicinsa, ya shafa masa sandal, ya ɗiga ja a tsakiya, ya ɗora furen. Sannan ya buga stopall, injinan lissafin da babu su suka tsaya cak. Ya rubuta quit, umarnin ƙarshe na rufe manhajar.

Bai kai ga dannawa ba ƙofa ta buɗe.

Poongodi ce, da tiren kafur yana ci da wuta. Duk abin da aka shafa wa sandal sai an zagaya masa wuta, kuma ya ce mata batura. Wannan bai zo masa a rai ba, ko da yake ya fi ta sanin haka. Ta dubi baturan, ba ɗigo a jikinsu. Ta dubi akwatin da furensa. Sannan ta dubi ƙaramin allon, inda sunan na'urar yake a sama, sunan da take gani kowace safiya idan ta zauna aiki, da agogon Amurka a gefensa. Karanta irin wannan allon shi ya koya mata, kuma ta iya.

Kathiresan yana iya goge kalmar, ya buga startall ya sake tayar da injinan, ya ce gwaji yake yi. Wutar tiren ta fara raguwa.

"Saar," ta ce, "kafur zai ƙare."

Ya danna. Rubutu ya gudu a allon, ya tsaya. Ya kai hannu ya kashe akwatin, ƙaramar fankarsa ta yi shiru.

Daga kusurwar babban ɗaki muryar Jebastin ta taso. "To, Amurka ta ɗauke."

Poongodi ta zagaya wa akwatin wuta sau uku, ta miƙo tiren. Kathiresan ya ɗora tafukansa a kan harshen wutar ya shafa a idanunsa.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun farko."

"Abin da muka koya fa?"

"Umarnin ɗaya ne. Kuskuren da kika yi a nan, idan kika yi shi a kan ta gasken, amsa ɗaya za ta ba ki."

"Amma ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce."

Ta gyara riƙon tiren. "Babana yana gaya wa mutane a kasuwar Theni cewa 'yarsa tana taɓa Amurka da yatsa."

Ba ta rufe ƙofar ba da ta juya, shi kuma bai ce ta rufe ba. Yarinyar jar hoda tana tsaye a bayanta tun ɗazu.

Suka riƙa zuwa bibbiyu, saboda ɗakin ba ya ɗaukar fiye da haka. Kowa ya leƙa, ya dubi akwatin, ya dubi bokitin da ke gefensa. Mai tabarau ya ce shi dama ya yi zargi, tun ranar da aka ɗauke wuta a unguwar Amurka ma ta ɗauke. Ba wanda ya yarda da shi. Wata yarinya ta fita baranda da waya a kunne, ana jin tana ce wa babanta Appa, Appa, ka tsaya ka ji. Jebastin ya zo daga ƙarshe, ya sunkuya saboda tsawonsa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Ni da nake sa riga mai kwala idan zan zauna gabansa." Ya shafa kai. "Saar, gobe idan sun tambaye ni ko na taɓa aiki a kan ta gaske, me zan ce?"

"Ka ce a kan mai kwaikwayo ka koya. Sannan ka ce su ba ka madannai."

"Za su ba ni ƙofa."

"Wataƙila."

Wani, ba a san ko wane ne ba, ya ciro zaren furen da aka rataya a allon rubutu ya naɗa wa akwatin. Ya yi masa yawa, sai da aka zagaya sau biyu. Ko girmamawa ce ko tsokana, Kathiresan bai tambaya ba.

A haka Meiyappan ya hawo matattakala, goshinsa da toka da ja, yaron gareji na biye da shi da buhun gasasshiyar shinkafa da mazarƙwaila. Ya ga ƙofar ɗakin ajiya a buɗe. Ya ga ɗalibai sun ba shi hanya. Ya taka har bakin ƙofar, ya tsaya.

Maɓallin kunna akwatin yana nan, taku ɗaya daga inda yake. Amma akwatin yana da sandal a goshi da fure a wuya, an zagaya masa wuta, kuma yara ashirin suna kallon hannunsa. Meiyappan mutum ne da ya tsaya a hanya ya sa lemun tsami ƙarƙashin tayoyin motarsa kafin ya iso. Ya haɗa tafukansa a gaban akwatin, a gajarce, ya juya.

"A raba wannan," ya ce wa Poongodi, yana nuna buhun. "Kowa ya samu. Maganar makaranta sai gobe, yau ranar puja ce."

"Babana zai zo goben," in ji yarinyar baranda.

"Ya zo, 'yata. Ƙofa a buɗe take."

Aka fasa kabewa a bakin titi, aka raba shinkafa a ƙananan jakunkuna. Ɗalibai suka watse ba hayaniya, wasu sun yi wa Kathiresan sallama, wasu ba su yi ba. Poongodi ta wanke kwanon sandal ta kife shi a taga, ta ɗauki jakarta ta wuce.

Meiyappan ya same shi a matattakala.

"Na ce ka yi a zuci, Saar."

"Ka ce."

"Kai ne ka kira su?"

"A'a. Wuta ce ta biyo sandal."

Meiyappan ya dubi titi. Ba fushi a fuskarsa, lissafi yake yi, na iyaye nawa za su zo da kuma me zai ce wa kowanne. "Zan ce musu ta gwaji ce, ta gasken tana can. Wasu za su yarda." Ya sosa gemu. "Amma ba za su yarda ba idan kana tsaye a wurin, don kai idan aka tambaye ka faɗa za ka yi."

"Zan faɗa."

"Na sani. Gobe da sassafe ka zo ka tayar da ita, tunda kai ka kwantar. Ka rubuta min yadda ake yi a takarda, da manyan haruffa. Sannan ka bar makullin a kan teburina."

Kathiresan ya gyaɗa kai. Meiyappan ya miƙa masa jaka biyu, tasa da ta Sornam, ya koma sama.

A titi komai ya tsaya. Kekunan haya suna jere da ganyen ayaba a gaba, injin matse rake an lulluɓe shi da fure, telan kusurwa ya rufe kekensa da sabon ƙyalle yana zaune a gefe yana kallon mutane. Kathiresan ya taka zuwa tasha. Ya yanke cewa ba zai gaya wa Sornam ba sai an ci abinci, daga baya ya ga gara da safe, bayan ya dawo. Jirgin ya yi jinkiri. Ya zauna a benci, ya kwance jaka ɗaya ya fara ci, yana karkaɗe ɓurɓushin da ke zuba a wandonsa.